Teku Ba Kududdufi Ba Ne

 

Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi, da Bakori da Ƙafur da Ɗanja, Allah ya yi mu a tudu. Mun san masara, mun san dawa da auduga, amma babban ruwan da yawancinmu muka taɓa gani shi ne dam ɗin Mairuwa. Yanzu kuwa zamani ya zo, 'yan mata suna ganin hotunan bakin teku a waya, kowace ranta yana biyawa. Ban ce kada a je ba, gama gani ya kori ji. Sai dai hoto ba ya faɗa miki abin da ya faru kafin a ɗauke shi, balle abin da ya biyo baya. Shi zan ba ku labari yau, domin wadda Allah ya nufa da tafiya ta tafi da idonta a buɗe.

Mu huɗu ne, dukanmu malaman firamare, ajinmu ɗaya tun muna kwalejin horon malamai. Akwai babbarmu da muke kira Yaya, da wata 'yar Bakori, da autarmu 'yar Malumfashi, sai ni. Muka yi adashi wata 10, sa'an nan a hutun Disamba na 2024 muka nufi Kwatano. Wan 'yar Bakori ya raka mu, gwaggonsu kuma tana aure a Zangon Kwatano, can ne masaukinmu. Da ba don haka ba, iyayenmu ba za su bari ba. Ranar tashi, mahaifiyar auta ta riƙe hannun Yaya ta ce, "Ga ƙanwarki nan, amana na ba ki." Ku riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Kun san Kwatano da suna, don kuna jin ana cewa motar Kwatano da shinkafar Kwatano. To, ita ce babban birnin ciniki na Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu ta yamma. Da sunan ƙasar Dahome, Faransawa suka mulke ta, ta sami mulkin kai ran 1 ga Agusta 1960, wata biyu kafin mu, aka sake mata suna a 1975. Su ma manoman auduga ne kamar mu, har suna cikin na gaba a Afirka, ta tashar jiragen ruwan Kwatano kuma ake fita da ita.

Daga Ikko aka bi da mu ta Badagiri zuwa Seme, inda iyaka take. Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka yarda mutanensu su shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90. Amma kada ki ji haka ki tafi hannu rabbana. Sai da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da kuma katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Ki sani allurar nan ba a lissafa ta sai ta kwana 10 a jikinki, amma in an yi miki sau ɗaya ta ishe ki har iyakar ranki.

Nan wahala ta fara sallama. Aka ce kowa ya fito da kati, 'yar Bakori ta laluba jaka, babu. Ashe don tsoron ɓata ta cusa shi can ƙarƙashin babban buhu, ta danne da tsarabar gwaggo. Sai ga mu a bakin hanya muna zazzage kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, mutane suna wucewa suna kallo. Kafin a ga kati direba ya gaji da jira, ya sauke mana kaya, ya cika motarsa da waɗansu ya yi gaba. Tsakanin Seme da Kwatano kamar mil 20 ne kawai, amma ba mu shiga gari ba sai bayan isha'i. Saboda haka takardunki su zauna a 'yar jaka a wuyanki, ƙarƙashin hijabi.

Kashegari sai rikicin kuɗi. Can ba a cin naira a yawancin wurare, sai sefa, kuɗin da ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma suke tarayya a kai, har da Nijar. A Zango Hausa ake yi, muka ji kamar muna gida. Auta ta taya ɗankwali wajen wani mutumin Maraɗi, ya ce, "Hajiya, dala ɗari biyu." Ta saki ɗankwali kamar ta taɓa wuta, ta ce, "Baba, dalar Amurka? Na zinariya ne?" Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Ta ce su can da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. Dala 20 ke nan sefa 100, dala 200 kuwa sefa 1,000, ita ake kira jaka guda. 'Yan makaranta, ga lissafi na ba ku: dala 350 sefa nawa ke nan?

Yanayi ma ya ba mu mamaki. Mun baro Funtuwa cikin hunturu, ƙafa tana kaushi, leɓe yana tsagewa, kowa da rigar sanyi. Can kuwa iska jiƙe take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki. Ƙuliƙulin guzurinmu ya yi laushi kamar tuwo, wanki ya yini a igiya bai bushe ba. Ramin wutar lantarkinsu ma dabam ne, ƙofa biyu ne zagayayyu, kan cajarmu mai ƙafa uku ya ƙi shiga sai da aka sayo mahaɗi a kasuwa. Wajen abinci kuma, in kin fita Zango ki tambaya kafin ki ci, don akwai masu sayar da naman alade, Faransanci kuma ake ji, ba Ingilishi ba. Yaya ta ɗanɗana ƙaguwa da jatan lande a bakin titi, ta kwana tana zagayawa. Abin da ya taimake ta shi ne abin da muke koya wa yara a aji: lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A rana ta huɗu muka hau babura, waɗanda direbobinsu ke sa riga mai ruwan ɗorawa, muka tafi bakin teku a unguwar Fijirose. Kai, 'yan'uwa, ikon Allah sai kallo! Ruwa ne ba ƙetare, ya tafi har ya haɗu da sama. Tun daga nesa kina jin rurinsa kamar hadarin tsakiyar damina. Raƙuman ruwa suna tasowa, su naɗe, su fashe da farar kumfa, wani na bin wani, ba hutawa dare da rana. Ga itatuwan kwakwa a jere, ga masunta suna jan taru da igiya suna waƙa. Na ɗanɗana ruwan, ɗaci ya kama mini harshe, gama a kowace lita akwai gishiri kamar giram 35. Ba ya shawuwa, amma malamai sun ce mai tsarki ne, ana alwala da shi. In salla ta same ki a can, ki sa teku a hannun damanki, kin fuskanci gabas ke nan, sai ki ɗan karkata hagu.

Wan namu, da ya ce ya san teku, shi ya zaɓa mana wurin shimfiɗa tabarma kusa da ruwa. Ba a yi sa'a biyu ba sai wani raƙumin ruwa ya hauro, ya jiƙe tabarma, ya koma da kwanon dambu da takalma uku, kowanne wari dabam. Wata mai sayar da kwakwa ta nuna mana da hannu inda ruwa yake kaiwa in ya cika. Teku yana cika yana janyewa sau biyu tsakanin yini da dare, saboda jan da wata yake yi masa. Inda kika gani busasshe da azahar, da la'asar yana iya zama cikin ruwa.

Wannan duk abin dariya ne. Ga wanda ba na dariya ba.

Auta ta so a ɗauke ta hoto ƙafarta cikin ruwa. Ta duba ta ga wani wuri da ba kumfa, ruwan ya yi duhu ya kwanta lumui, ta ce nan ya fi lafiya. Ta shiga iya gwiwa. Ruwa ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarta, raƙumi ya buge ta, ta faɗi. Zane da dogon hijabi suka sha ruwa suka yi nauyi, suka nannaɗe ta. Kafin ƙiftawar ido ta yi nisa, ba ma ganin kome sai hannu da baƙin kyalle. Yaya ta kurma ihu ta zabura za ta bi ta, na rungume ta ta baya na danne, don ita ma ba ta iya iyo ba. Tana fizga tana cewa, "Sake ni! Me zan gaya wa Inna?"

Allah ya sa masuntan nan suna kusa. Biyu suka faɗa ruwa, ɗaya da igiya a ƙugu, sauran suna riƙe a tudu. Suka cim mata, aka jawo su. Suka kwantar da ita a gefenta, ta yi ta tari tana amayar da ruwa, can ta buɗe ido ta yi salati. Muka kai ta asibiti likita ya auna ƙirjinta, gama wanda ya shaƙi ruwa yana iya tashi garau, numfashi ya tsananta masa daga baya. Wayar da aka shiga ruwa dominta kuwa, tana can.

Ku ji dalilin abin. Raƙuman ruwa suna tara ruwa a gaɓa, shi kuwa dole ya koma. Sai ya sami wata 'yar hanya tsakanin tudun yashi ya bi da gudu, kamar yadda ruwan sama ke bin kwazazzabo a gona. Bisa wannan hanya raƙuma ba su cika fashewa ba, don haka take kama da wurin lafiya, alhali nan ne tarkon. Ƙarfinta ya fi na gwanin iyo. Wanda ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita, ya yi ƙoƙari ya tsaya bisa ruwa, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya ratsa gefe har ya fita daga cikinta. Na tudu kuma kada ya bi shi, ya yi kururuwa, ya jefa igiya ko jarka. Sau da yawa mai ceto ne ke fara nutsewa. Ke da ba ki iya iyo ba, kada ruwa ya wuce idon sawunki, kada kuma ki ba teku baya.

Bayan kwana biyu, da hankali ya kwanta, gwaggo ta kai mu muka ga gunkin mace jaruma mai tsawon mita 30, wanda aka buɗe a 2022 don tunawa da matan da suka yi wa sarakunan Dahome soja. Muka tuna da Sarauniya Amina ta Zazzau. Sa'an nan muka wuce Wida, kamar mil 25 yamma da Kwatano. Akwai wani ɗakin tsafi da ake kiwon mesa, mai gadi ya miƙo wata zai rataya wa wanmu a wuya, sai ga jarumi a bakin titi ba hula.

Daga garin akwai hanya ta kilomita 4 zuwa bakin ruwa, wadda aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa. A ƙarshenta an gina wata babbar ƙofa a 1995, ana kiranta Ƙofar Ba Komowa. Cikin waɗanda aka kai Barazil daga wannan yanki har da Hausawa. A jihar Bahiya an kama Hausawa da shirin tawaye a 1807, a 1835 kuma Musulmin bayi suka yi bore cikin watan azumi. Muka tsaya shiru. Mutanen tudu ne kamar mu, wataƙila ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, aka tura su cikin wannan ruri da mari a ƙafa. Auta ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a, muka shafa.

To, 'yan'uwa, abin da nake roƙonku ke nan. Wadda za ta fita, ta fita da yardar magabata, da ɗan rakiya, da masauki sananne, ta kuma ware kuɗin komowa ta ɗaure dabam. In ta isa ta tambayi 'yan gari kafin ta taka ko'ina, matambayi ba ya ɓata. Ku kuma iyaye mata da ba ku da niyyar zuwa ko'ina, maganar ruwa ta shafe ku. Damina tana zuwa, kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini za su cika, yara za su tafi wanka da wanki. Ku hana ƙanana zuwa su kaɗai, ku koya wa manya cewa in wani ya faɗa, sanda ko igiya ake miƙa masa, a kira mutane. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

'Yar makarantar da ta warware lissafin dala ta aiko wa Edita da amsa. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, a tudu da cikin ruwa, amin. Sai mako mai zuwa.