Na Ga Mai Shuka a Garun Malam

A bangon ajinmu akwai wani hoto da na daɗe ina koya wa yara Misalin Mai Shuka da shi. Pieter Bruegel ne ya zana shi a shekara ta 1557, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Ga manomi yana yafa iri, ga tsuntsaye suna tsincewa, can nesa kuma a bakin kogi ga taron jama'a, 'yan ƙanana, suna sauraron Ubangiji Yesu. Kullum nakan nuna wa yara irin ƙasa huɗu da Matiyu sura 13 ta ambata, in ce kowa ya zaɓi tasa.

A hutun Kirsimati na bi hanyar Zariya daga Kano, na wuce Kura, na sauka a Garun Malam. Rani ne, daji ya bushe ƙayau, amma gonaki kore shar har iyakar ganin ido. Ruwan kuwa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974. Yana bin manyan hanyoyin ruwa, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya kai gonakin Kadawa da Bunkure. A Kwanar Gafan na ga kwandunan tumatir jere suna jiran motocin Kudu.

Wani dattijo da na tarar a gonar alkamarsa ya zaga da ni. Ya nuna mini gefen hanya inda ƙafa ta tattake ƙasa ta yi tauri. Ya nuna mini kacala, ciyawar nan da takan toshe hanyar ruwa, gona ta mutu da ƙishi alhali ruwa yana kusa. Ya kuma ba ni labarin jan-baki, tsuntsayen da sukan sauka a kan shinkafa kamar hadari.

Na ce, "Baba, wace gona ce mai kyau a nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, wadda mai ita bai gaji da ita ba."

Maganar nan ta soke ni, gama akwai wani yaro a ajina wanda na riga na ƙidaya shi cikin ƙasa mai duwatsu, har na daina kiran sunansa. Da na koma na sāke duban hoton. Ashe shekara da shekaru ƙasar nake kallo, ban kalli manomin ba. Tsuntsaye suna ci, shi kuwa hannunsa bai bar yafa iri ba.

Ya ku iyaye da malamai, ba mu aka ba hukuncin ƙasa ba. Namu shi ne mu shuka, mu cire kacala, mu buɗe wa ruwa hanya. Allah ne mai sa girma.

Ran Litinin na farko na kira yaron nan ya zauna a gaba.