Kwamfuta mai furosesa biyu a Filinge: lissafin da mai talla ba ya yi maka

Ƴan'uwa masu aikin bidiyon biki, masu buga takardu, da masu koyar da yara kwamfuta a Filinge da sauran ƙasar Kurfai, wannan rubutu naku ne. Yana da tsawo, amma ku daure ku karanta kafin wani ya tura kuɗinsa ƙasar Sin.

Kwanan nan hoto iri ɗaya yake ta yawo a WhatsApp: uwar allo mai gurbin furosesa biyu, Xeon biyu a zaune, sandunan RAM sun yi sahu, an rubuta ƙwaya 28 da manyan baƙaƙe, farashin kuma bai kai na waya mai kyau ba. Ƙannena da dama sun turo mini shi, tambayarsu ɗaya: "Yaya, in saya?" Na san abin da ke jan su. Duk wanda ya taɓa kwana a shago yana jiran bidiyon ɗaurin aure ya gama fita daga tsohuwar kwamfuta, dangin amarya suna ta bugo waya, ya san darajar inji mai ƙarfi. Amma a garinmu furosesa ita ce mafi araha cikin abin da za ka biya. Kuɗin gaske yana wajen wuta, zafi, ƙura da nisan wurin gyara, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da mai talla ya sa a hotonsa.

Dalilin arahar a fili yake. An ƙera waɗannan Xeon ɗin ne domin sabar, wato injunan manyan rumbunan kwamfuta na kamfanonin duniya. E5-2680 v4, wadda aka fi tallatawa, ta fito a 2016 da ƙwaya 14, kuma a lokacin guda ɗaya ta haura dalar Amurka 1,700. Kamfanoni sun more su shekaru, dare da rana, da lokacin sauyi ya yi suka kwashe su dubbai suka zuba a kasuwar gwanjo. Haka aka yi da yayarta E5-2670 ta 2012, mai ƙwaya 8. Furosesa ba ta cika mutuwa ba, don haka zamanta ta hannu bai dame ni ba. Allon ne abin tsoro. Kamfanoni irin su Huananzhi da Machinist sun ga furosesa ta yi yawa a kasuwa babu inda za a ɗora ta, sai suka shiga ƙera sababbin alluna masu araha, sau da yawa da guntayen da aka ciro daga tsofaffin injuna. Wasu allunan suna yin shekaru lafiya lau. To in naka ya mutu fa, wa za ka kai wa kuka? Yamai kanta tafiyar kilomita wajen 180 ce ta Bonkuku da Balleyara, kuma ko ka isa ba lalle ka tarar da irinsa a shago ba. Sai dai ka sake yin oda ka zauna jira, aiki ya tsaya, masu biki su koma wurin wani.

Sha'awar furosesa biyu ba yau ta fara ba. A 1999 kamfanin Abit na Taiwan ya fitar da allon BP6, wanda ya bai wa mai ƙaramin ƙarfi damar ɗora Celeron biyu wuri ɗaya, abin da Intel ba ta shirya wa Celeron ba. A wancan zamani dabarar tana da ma'ana, domin kowace furosesa ƙwaya ɗaya gare ta, in kana son biyu dole ka sayi biyu. Daga 2005, da Pentium D da Athlon 64 X2 suka fito, aka fara cusa ƙwaya biyu cikin furosesa guda ta kwamfutar gida, har aka kai yau da wayar aljihu ma takan zo da ƙwaya takwas. Tun daga nan gurbi biyu ya koma kayan masu aiki na musamman.

Yanzu mu zo ga wuta, domin nan ne maganar take. Kowace E5-2680 v4 an auna ta a kan wat 120. Biyu sun zama 240, ba a sa katin hoto ba, ba a sa RAM, fankoki da allon kallo ba. A ce injin yana jan wat 300 a tsakaici, ka yi aikin awa takwas, ka sha kilowat-awa 2.4 a yini. Batir babba na sola mai bolt 12 da amfiya-awa 200, abin da yake ɗauka ke nan cif a takarda, kuma duk mai aikin sola zai gaya maka in kana son batirin gubar nan ya daɗe kada ka sauke shi ƙasa da rabi. Ke nan batir biyu manya domin kwamfuta ɗaya ta yini ɗaya, sannan farantan da za su cika su, sannan inbata mai tsabtar wuta. Je ka tambayi farashin waɗannan, ka ɗora a kan farashin da ka gani a hoto.

Wani zai ce ai akwai wutar Nigelec. Akwai, kuma mun san halinta a watan Afrilu da Mayu. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo wa Nijar mafi yawan wutarta, aka yi watanni har cikin Maris 2024 kafin a maido. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi a Yamai, madatsar Kandaji a nan jiharmu ta Tillaberi kuma har yanzu jiranta ake. Wanda zai gina sana'arsa a nan ya kamata ya ɗauka cewa wata rana inji zai koma kan batir ko janareto, ya zaɓi injin da batir zai iya ɗauka.

Duk wat ɗin da kwamfuta ta sha kuwa, zafi take mai da shi ta huro maka cikin ɗaki. Rumbunan da aka ƙera wa waɗannan furosesa ana riƙe su ne tsakanin digiri 18 da 27, da iska tacacciya. Mu kuma a bazara zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle shago mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. Furosesa in ta ji zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sai ka ga mutum ya biya kuɗin ƙwaya 28 yana samun aikin da bai kai rabin haka ba, ga fanka na ta kuka.

Sai ƙura. Buɗe cikin kowace kwamfuta da ta yi hunturu ɗaya a shagon bakin hanya ka haska da fitilar waya. Za ka ga tsakanin siraran haƙarƙarin ƙarfen sanyaya ya toshe da jar ƙura, ta dunƙule har kana iya ɗago ta da tsinke, fukafukan fanka sun yi nauyi, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya tsattsage. A inji mai furosesa biyu komai ninki ne, kuma a yawancin alluna ta bayan tana shaƙar iskar da ta gaban ta riga ta ɗumama. Ita ce kullum take fara galabaita.

In duk da haka aikinka yana bukata, to akwai ƙa'idojin da ba a tsallakewa. Furosesa biyun dole su zama lamba ɗaya, kamar shanun huɗa: manomi ba ya haɗa bijimin Azawak na Tukunus da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya. Dole su kasance cikin dangin E5-2600, domin E5-1600 ba ta yarda da abokiyar zama. Masu v3 da v4 gurbinsu LGA 2011-3 ne, galibi da DDR4, na farko da v2 kuma LGA 2011 da DDR3, kuma ba sa shiga gurbin juna duk da kamar da suke yi. RAM a raba ta daidai, kowace furosesa da nata sanduna. Kowace furosesa tana da hanyoyin RAM huɗu, don haka sanduna takwas ƙanana sun fi biyu manya. Kada a gauraya RAM ta sabar da ta kwamfutar gida. Waɗannan Xeon ba su da hoto a jikinsu, sai ka sayi katin hoto dabam. Allon ya fi na yau da kullum faɗi, ba kowane gidan kwamfuta yake shiga ba.

Akwatin wuta kuwa, a nan nake roƙonku kada ku yi rowa. Yana bukatar wayar furosesa mai baki 8 guda biyu, kuma ya zama na kamfanin da aka sani, irin su Seasonic ko Corsair, wat 750 zuwa sama. Waɗannan marasa nauyi da ake rubuta musu wat 800 a jiki, ka ɗaga da yatsa biyu ka ji kamar babu komai a ciki, su ne ke mutuwa su tafi da allo da RAM gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Akwai kuma maganar Windows da mutane ba sa lura da ita. Windows Home gurbi ɗaya kawai take gani, sai Pro ke aiki da biyu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta sa waɗannan tsofaffin Xeon cikin jerin furosesan da ta amince da su ba. Ubuntu da sauran Linux suna tafiya a kansu ba gardama, amma ka tambayi kanka ko manhajar da kake cin abinci da ita tana gudu a can.

To wa furosesa biyu take yi wa rana? Mai fitar da zanen 3D a Blender, mai matse bidiyo masu yawa a jere da HandBrake, malamin da ke son kunna kwamfutocin gwaji goma cikin inji ɗaya don koyar da haɗin sadarwa. Waɗannan ayyuka suna rabuwa kashi-kashi, kowace ƙwaya ta ɗauki nata. Amma Word, Excel, Photoshop, buga katin gayyata, cika wa ɗalibai takardu a intanet, yawancinsu gudun ƙwaya ɗaya suke kallo, kuma a nan tsohuwar Xeon ba ta kama ƙafar sababbi. Ko masu yanka bidiyo, DaVinci Resolve ta fi dogara ga katin hoto. Ryzen 5 5600G ta 2021 tana da ƙwaya 6, hoto a jikinta, wat 65 kacal. Core i5-12400 ta 2022 ita ma haka. Mafi yawan waɗanda suka turo mini hoton nan, ɗaya daga cikin waɗannan biyu da SSD mai kyau da RAM gigabait 16 ko 32 za ta fi musu. Mai shagon buga takardu kuwa, ƴan ƙananan nan na hannu, HP EliteDesk Mini, Dell OptiPlex Micro ko Lenovo Tiny, masu furosesa ta wat 35, sun ishe shi, kuma batir ɗaya yana riƙe su yini.

Wanda ya tabbatar aikinsa na gurbi biyu ne, shawarata ya bar haɗe-haɗe ya nemi cikakken inji na hannu: HP Z840, Dell Precision T7810 ko T7910. Allonsu, akwatin wutarsu da hanyar iskarsu tare aka tsara su, kuma kayan gyaransu sun fi samuwa a Yamai, a titin Beirut na Kano ko Computer Village ta Ikeja. Suna da nauyi, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan teku suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, duk abu mai nauyi ya ƙara tsada. Duk da haka ina ganin ƙarin ya cancanta. Kana iya sayen sa da furosesa ɗaya ka fara aiki, in kasuwa ta buɗe ka ƙara ta biyu da ƙarfen sanyayarta. In HP Z640 ka samu, ka lura, ta biyun sai da wani ƙaramin allo na dabam, wanda ba a cika samu ba. Sabar nan shimfiɗaɗɗu irin Dell R730 kuma ku bar su, ƙarar fankokinsu ba ta barin a yi ciniki a shago.

Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Buɗe Task Manager ka ga ya nuna gurbi biyu da adadin ƙwayoyin da aka faɗa maka. Sa Cinebench ta yi ta gudu rabin awa kana kallon zafin kowace furosesa a HWiNFO. Gwada RAM da MemTest86. In akwai gurbin da babu furosesa a ciki, haska shi ta gefe, allurai dubu biyu da ɗoriya ne a ciki, in ɗaya ta lanƙwashe za ka ga ƙyallinta ya bambanta da na sauran, kuma ita kaɗai tana iya kashe maka hanyar RAM guda. Mai sayarwar da ya ce babu lokacin gwaji, yi masa sallama ka ƙara gaba.

Cikin kuɗin da ka ware, cire na na'urar daidaita wuta da na UPS tun farko, kafin ka san abin da ya rage na inji. Ka kira mai aikin lantarki ya kafa maka wayar ƙasa ta gaskiya a shago kafin hadarin Yuni ya fara, ka ɗora kwamfutar a kan tebur nesa da ƙofa, kuma duk wata a lokacin hazo a buɗe ta a hure ƙurar.