Addis Ababa: Jirgin Da Ke Jiran Kayan Gyara

Sanyin safiya ne ya fara yi mini maraba a Addis Ababa. Garin a kan tudu yake, sama da mita 2,300 daga teku, ko matakala ka hau da sauri sai ka ji numfashi na sarƙewa. Ɗan ƙanwata da ke aiki a can shi ya tarbe ni a filin jirgin sama na Bole. Tun muna cikin mota na ce masa ni fa babu abin da nake ɗokin gani kamar jirgin ƙasan nan nasu na cikin gari.

"Kawu, za ka hau shi in sha Allahu," in ji shi, "amma ka yi guzurin haƙuri."

Tun 2015 nake jin labarin jirgin. A watan Satumban shekarar aka buɗe shi, kuma shi ne irinsa na farko a Afirka kudu da Sahara. Layi biyu ne masu tsawon kilomita wajen 34, da tashoshi 39. Ɗaya ya taso daga Ayat ta gabas ya dire Tor Hailoch ta yamma, ɗayan ya gangaro daga dandalin Menelik zuwa Kaliti ta kudu. Aikin ya ci dala miliyan 475, kashi 85 cikin ɗari bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, kuma 'yan Sin ɗin ne suka gina.

Washegari muka nufi tashar da ke kusa da dandalin Meskel, inda layukan biyu suka haɗu a kan doguwar gada. Daga sama ka leƙa ƙasa, ga ƙananan motocin haya masu launin shuɗi da fari, yaran mota da suke kira weyala sun leƙo ta taga suna kiran unguwanni. Ga mutane a layi, layin ya miƙe har ya sha kwana, babu mai ture wani. Wannan layi shi ya fahimtar da ni dalilin gina jirgin fiye da duk wani jawabi. Gwamnati ta jera gidaje masu hawa-hawa a bayan gari, irin su Ayat, alhali aiki da kasuwa suna tsakiya. Kullum safiya sai gefen gari ya kwararo ciki, da yamma ya koma.

Mun fi minti ashirin a tsaye. Da jirgin ya iso, ciki ba masaka tsinke. Wata baiwar Allah da goyo a baya da buhun albasa a hannu ta sa ƙafa ɗaya, ta ga ba hali, ta janye. Ƙofa ta rufe. Ba ta ce komai ba, sai ta gyara goyonta ta aje buhun ta zauna a kai. Har yau ina ganin fuskarta.

Mu mun samu shiga na bayansa. Gaskiya idan ya tashi, daɗi gare shi: ba hayaƙi, ba girgiza, kana kallon cunkoson motoci a ƙarƙashinka kana wucewa. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo, don na ga alherin da talaka zai samu da a ce jiragen suna zuwa a kai a kai.

Jirage 41 aka kawo da farko. Zuwa 2023, rahotanni sun nuna waɗanda ke kan layi ba su kai rabi ba, sauran suna kwance a gareji saboda rashin kayan gyara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da kuɗin ƙasar, wato bir, fasinja ke sayen tikiti, kuma an sa shi da araha, bir 2 zuwa 6 lokacin buɗewa. Kayan gyara kuwa da dala ake sayo su daga waje, a ƙasar da dala ta yi wuya har ta kasa biyan wani kaso na bashinta a Disamban 2023. Duk jirgin da ya lalace sai ya kwanta, waɗanda suka rage su ɗauki nauyinsa, su ma su gaji da wuri.

Akwai kuma shingen da aka yi wa layin inda ya bi tsakiyar titi. Ya raba hanya biyu, mai son tsallakawa sai ya yi tafiya kafin ya sami mashiga.

Duk da haka ban yarda da masu cewa gina shi kuskure ne ba. Birnin da ke kumbura irin wannan, faɗaɗa titi kaɗai ba zai fisshe shi ba, domin yau ka ƙara hanya, gobe motoci su cike ta. Inda aka yi sake shi ne an yi lissafin ranar yanka kirtani, ba a yi na shekara goma bayanta ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A hanyar komawa masauki ɗan nawa ya ce, "Kawu, ai mu ma mun gani." Haka ne. Jirgin cikin garin Abuja an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo aiki ba sai Mayun 2024. Kano kuma, tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu ke ɗauke da yawancin jama'a, ga gari sai daɗa faɗi yake yi.

Don haka ina roƙon gwamnoninmu da 'yan majalisa: duk ranar da aka kawo muku kwangilar jirgi ko manyan bas-bas, kafin ku sa hannu ku tambayi wa zai gyara, da wane kuɗi, kuma yaranmu nawa za a koya wa aikin. Ku sa a rubuta amsar a cikin takardar kwangilar.