Rubutu A Kai A Kai Shi Ke Tara Jama'a A Intanet

 

Ya 'yan'uwana, matasan malamai sun yawaita tambayata yadda aka yi rubutun da nake sakawa a Facebook da WhatsApp ya sami masu karatu, alhali kuwa ba ni da gidan rediyo, ba ni da mai biya mini kuɗin talla. Wasu ma suna zaton akwai wani laƙani. To, abin da na sani shi ne, na ɗauki alkawari tsakanina da jama'a cewa kowane daren Juma'a, bayan sallar isha'i, za su sami mas'ala guda ɗaya ta hukuncin ciniki daga Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, cikin Hausa, wadda tsawonta bai wuce abin da mutum zai karanta kafin shayinsa ya huce ba. Shekara da shekaru ke nan Allah Yana ba ni ikon cikawa, ko ina gida, ko ina kan hanya.

A farkon lamari waɗanda ke karantawa ba su wuce almajiraina da surukaina ba. Wannan lokaci shi ne mai wuya, kuma a nan ne yawancin marubuta ke ajiye alƙalami, domin mutum ya kwana yana bincike, ya wayi gari ya ga ba wanda ya tanka. Amma kai ɗan kasuwa ka fi kowa sanin sirrin abin. Wanda ya kama sabon shago a Kantin Kwari, in yau ya buɗe gobe ya rufe, jibi ya zo da azahar, ko da kayansa sun fi na kowa kyau ba zai yi abokan ciniki ba, saboda mai saye yana son ya tabbata in ya biya kuɗin mota ya zo zai tarar da ƙofa a buɗe. Haka mai karatu yake. Su kansu na'urorin Facebook an tsara su ne su riƙa nuna wa mutum rubutun waɗanda ya saba tsayawa a kansu, watau in ka yi shiru wata uku, sai wani ya maye gurbinka a wayarsa.

Wannan hanya ta daɗe kafin kwamfuta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, hadisin da ke nuna cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, shi ya fi soyuwa ga Allah. Alkhaɗibul Bagadadi ya kawo labarin cewa Imam Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya yi shekara 40 yana rubuta warƙa 40 kowace rana, ga tafsirinsa da tarihinsa nan muna ci har yau. A ƙasarmu kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tsara waƙoƙin karantarwa tana ba jajis, su kuma suna kai wa matan ƙauyuka, har tsarin 'yan taru ya kafu ya rayu bayanta. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta shiga zukatan mutane ne da suka saba da fitowarta. Haka tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a Masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ke watsawa: mutane sun san lokacinsa, suna gyara harkokinsu saboda shi.

Amfanin da ban yi tsammani ba shi ne, jama'a su ne suka riƙa nuna mini abin da zan rubuta. Da na yi bayanin bambancin da Malikiyya suka yi tsakanin ɗan kasuwa mudiri da muhtakiri, watau mai jujjuya haja kullum wanda zai ƙimanta kayan shagonsa kowace shekara ya fitar da ɗaya cikin arba'in, da mai ajiye kaya yana jiran kasuwa ta tashi wanda zai fitar da zakkar shekara ɗaya idan ya sayar, sai tambayoyi suka yi ta zuwa. Wani mai hatsi a Dawanau ya ce shi yana yin duka biyun, ina matsayinsa? Wani ma'aikacin gwamnati ya ce yana tara albashi yana sayen filaye, shin shi ma ɗan kasuwa ne? Kowace tambaya ta zama darasin wani mako, kuma wanda aka amsa wa shi ke tura rubutun ga abokansa.

Sai dai akwai fitina a ciki, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Kowa ya lura cewa raddi da zagin malamai sun fi darasin zakka jawo jama'a nesa ba kusa ba. Marubuci yana iya tara a kwana biyu, ta hanyar cin mutuncin wani shehi, abin da ba zai tara a shekara biyu ta hanyar karantarwa ba. Amma waɗanda suka taru don kallon dambe, ranar da ka ce su buɗe littafi watsewa za su yi, sai ka koma neman wanda za ka zaga domin su dawo. Na ga masu ilimi na gaske da wannan ya cinye. Ga kuma riya, wadda ke shiga ta ƙofar ƙidayar masu yabo. Ni dai ƙa'idata ita ce ba na duba adadin sai ranar da zan tattara tambayoyi.

Akwai kuma haɗarin da alkawarin kansa ke jawowa, domin daren Juma'a zai zo ko ka gama bincike ko ba ka gama ba, kuma fatawar kuskure in ta shiga WhatsApp ba mai iya kamo ta, alhali wani zai fitar da dukiyarsa ko ya hana ta bisa ga maganarka. Saboda haka nake rubuta darussa huɗu a gaba in ajiye, in ba wani abokina malami ya duba su tun kafin lokacinsu, mas'alar da ba ta nuna ba kuwa in bar ta, in saka wadda ta nuna. Lokacin rubutuna shi ne bayan sallar asuba, shafi ɗaya a littafin rubutu da biro, kafin in taɓa waya, sa'an nan ɗana ya buga mini shi da rana.