Marka a Ruga

Mutanen birni sukan ce damina hutun makiyayi ce, wai ga ciyawa ga ruwa, sai ya jingina da sanda ya yi ta busa sarewa. Ni da nake yin dogon hutuna a rugar kawuna a ƙasar Zazzau na san ba haka abin yake ba, musamman cikin watan Agusta, lokacin da marka kan wuni ta kwana.

Aikin farko da asuba shi ne tatsa. To, in an kwana ana ruwa, garke ya zama caɓi, kashi da laka har idon sawu. Sai an wanke hantsar kowace saniya kafin a kawo ƙwarya. Maruƙan da ke ɗaure a dangwali kuwa, ka tarar suna karkarwa, tilas a hura musu wuta. In laka ta yi yawa akan cire shinge a mai da garken bisa tudu, domin kofaton da ya daɗe cikin danshi ruɓewa yake yi, saniya mai ɗingishi kuwa ba ta iya bin 'yan'uwanta kiwo.

Da rana ta ɗan leƙo sai cirar kaska, ɗaya bayan ɗaya, don ita da ruwa ke buɗe wa kirci ƙofa. Fadama ma akan ƙaurace mata saboda ciwon hanta.

Amma abin da ya fi tsorata Kawu shi ne burtali. Da ma gonaki sun matse shi. In ruwa ya cinye tsakiyarsa sai shanu su ratse gefe, gefen nan kuwa dawar wani ce da ya sha wahalar nomanta. Ɓarnar ƙiftawar ido tana iya kai mutum gaban alƙali, ko ta jawo abin da ya fi haka muni. Shi ya sa ranar marka mu uku ke fita maimakon ɗaya, kowa da kabido da malfa.

Nono kam akwai shi, sai dai in rafi ya kawo, Inna ba ta da hanyar kasuwa. Ran da ruwa ya janye kuma duk masu talla su fito, ya yi araha.

Saboda haka mai karatu, in aka dama maka fura cikin watan Agusta, don Allah kada ka tsananta ciniki.