Yadda Ni Da Autana Muka Haƙa Rijiyar Kusugu A Cikin Kwamfuta

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ni dai ban san nauyin wannan karin magana ba sai da wani abu ya same ni a cikin gidana, a unguwar Kubwa ta nan Abuja. Shi ne na ga ya kamata in labarta wa 'yan'uwana masu karatu, musamman iyaye, ko wani zai tsinci abin amfani a ciki.

Ni mutumin ƙasar Daura ne, aikin gwamnati ya kawo ni Abuja, a nan kuma aka haifi autana, wanda yanzu yake da shekara 15. Wata rana da dare ina zaune sai na tambaye shi, da wasa, ko wane ne ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Yaro ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Amma da na tambaye shi abin da yake yi kullum a gaban kwamfuta, sai baki ya buɗe, ya yi ta jero mini sunayen waɗansu dodanni masu fiffike da sarakunan wata ƙasar ƙanƙara, ba ko gargada. A daren nan barci ya ƙaurace mini. Na ce a raina, ashe jikan Daurawa ya san tatsuniyar kowa ban da tasa, laifin kuwa nawa ne, ba nasa ba.

Wasan da ya ɗauke masa hankali sunansa Skyrim. Wani kamfanin Amurka mai suna Bethesda ne ya fitar da shi ran 11 ga Nuwamba, 2011. Irin wasan nan ne da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya zaɓi kamanninsa da sana'arsa, sa'an nan ya shiga duniya, yana taimakon wannan, yana yaƙar wancan, labari yana tafiya gwargwadon abin da ya zaɓa. Da fari niyyata in hana shi ne ɗungum. Amma da gari ya waye na ba shi labarin Bayajida, yadda ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura gidan tsohuwa Ayana, ya tarar maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, sai yaron ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai ana iya sa rijiyar nan a cikin wasan."

Ashe akwai wata sana'a da masu wasan ke kira mod, watau kwaskwarimar da mutum ke yi wa wasan da wani ya ƙera, ya ƙara gida, ko makami, ko mutum, ko labari sukutum. Kamfanin da kansa ya buɗe ƙofar, domin a watan Fabrairu na 2012 ya saki wata manhaja mai suna Creation Kit, kyauta ga duk wanda ya sayi wasan, irin wadda ma'aikatansa suka yi gini da ita. Kada mai karatu ya ɗauka aikin banza ne. Wasan Counter-Strike da ya gama duniya, asalinsa kwaskwarima ce da waɗansu samari biyu suka yi wa wasan Half-Life a 1999. Haka kuma wani lauya ɗan ƙasar Ostireliya, Nick Pearce, ya gina wani labari mai suna The Forgotten City a cikin Skyrim a 2015, har ƙungiyar marubutan ƙasarsu ta ba shi lambar yabo a 2016, a 2021 kuma labarin ya fito a matsayin wasa mai cin gashin kansa.

Abin da ya kwantar mini da hankali kuwa shi ne na tuna da marigayi Alhaji Abubakar Imam. Sa'ad da ya rubuta Magana Jari Ce, wajen 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da sauransu, ya tuɓe musu tufafinsu, ya sa musu riga da hula, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. To, in Imam ya shigo da labarin baƙi cikin gidanmu, me zai hana mu mu kai namu cikin gidan baƙi?

Muka tafi Banex Plaza da ke Wuse muka ƙara wa tsohuwar kwamfutarmu ƙwaƙwalwa, muka dawo muka duƙufa. Kuskurenmu na farko shi ne haɗama. Muka ce birnin Daura za mu gina baki ɗaya, da ganuwa, da fada, da kasuwa, da soraye masu zanko. Mako uku muna fama, ko zaure ɗaya ba mu gama ba, domin duk kayan ginin da ke cikin manhajar na mutanen ƙasar sanyi ne, dutse da katako, babu tubali babu azara. Wanda ke son ginin ƙasa sai ya sassaƙa siffarsa da kansa a wata manhajar dabam mai suna Blender, wannan kuwa karatu ne na watanni. Sai muka tuna cewa da rarrafe yaro kan tashi. Muka ajiye birni, muka ce rijiya guda ta ishe mu, da tsohuwa guda, da maciji guda.

Ga yadda aikin yake, ga mai son farawa. In ka buɗe manhajar, sai ka ɗora babban kundin wasan, wanda shi ne uwa, ba a taɓa shi. Duk abin da ka yi yana shiga wani ƙaramin kundi naka na kanka, wanda wasan ke karantawa bayan ya karanta uwar. Dokar farko ita ce, in kana son wani abu, kwafe shi za ka yi, ka raɗa masa sabon suna, sa'an nan ka gyara kwafin. Mu da ba mu sani ba, muka ɗauki wata tsohuwa ta cikin wasan muka sauya mata suna da tufafi kai tsaye. Da muka shiga garinta na asali sai muka tarar Ayana ce zaune a can, mun ɓata labarin mutane. Dole muka rushe muka sake.

Rijiya ba ta ba mu wuya ba, akwai irinta a kasuwar wani gari na wasan, muka kwafo. Maciji ne babu. Sai autana ya tuno da wata halitta ta ƙanƙara mai tsawo, mai murɗe-murɗe a iska, muka aro ta muka ƙara mata girma da ƙarfi, muka sa mata suna Sarki. Sa'an nan muka koyi wani darasi mai ban dariya. Mun ajiye Ayana a ɗakin da muka gina mata, ta ƙame wuri ɗaya kamar gunki. Ashe mutanen wasan ba su ganin ƙasa da ido. Sai an shimfiɗa musu wata taswira ɓoyayya mai kama da raga a kan daɓe, ita ce ke nuna musu inda ƙafa za ta taka. Da muka shimfiɗa, tsohuwa ta miƙe ta nufi ƙofa, yaro ya yi tsalle har ya kusa kifar da kwamfutar.

Batun Juma'a kuwa, mako a wasan kwana bakwai ne, akwai kuma ranar da suke kira Fredas wadda ta yi daidai da Juma'armu. Da taimakon harshen umarni na wasan, mai suna Papyrus, muka sa sharaɗi cewa rijiya ba ta ba da ruwa sai a wannan rana, har sai an kashe Sarki. Layukan ba su da yawa, amma harafi ɗaya da muka rubuta ba daidai ba ya cinye mana yini biyu. Wani dare kuma aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar ya riga ya mutu, aikin sa'a huɗu ya tafi. Tun daga ranar ba mu yin minti goma ba mu adana ba, kowane dare kuma sai mun ajiye kwafi dabam mai kwanan wata.

Wahalar ƙarshe ita ce ta harshe. Haruffanmu masu ƙugiya, su ƙ da ɗ da ɓ, suka ƙi fitowa yadda ya kamata a rubutun wasan. Ban da haka, maganar da ba a haɗa ta da murya ba takan wuce kamar walƙiya, kafin a karanta. Sai yaron ya ce, "Baba, mu roƙi Kaka ta zama Ayana." Da hutu ya zo muka tafi gida. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ta zauna a kan tabarma, jikanta ya kara mata waya a baki. Ta ce, "Kai ɗan nan, ba haka ake faɗa ba, tsaya ka ji." Maganar da muka tsara ta minti ɗaya sai ta zama hirar dare uku, yana tambaya tana amsawa, daga Daurama har Bawo da 'ya'yansa. Washegari da kansa ya ce in kai shi ya ga rijiyar Kusugu da idonsa.

Ba zan ruɗi kowa ba, abin da muka gina ƙarami ne. A dandalin Nexus Mods, inda masu wannan sana'a ke baje kolinsu, akwai ayyuka dubbai da suka fi namu nesa ba kusa ba. Kuma gidan aro gidan aro ne, kayan cikinsa na kamfanin ne, ba a sayar da su yadda aka ga dama. Wanda ke son nasa na kansa sai ya yi koyi da matasan Kamaru na kamfanin Kiro'o Games, waɗanda suka fitar da wasan Aurion a 2016, bisa al'adun Afirka. Amma duk magini a gidan wani ya fara koyon kwaɓa ƙasa.

Saboda haka shawarata ga matasa ita ce, ku fara da abu guda ƙarami, ku gama shi, ku gwada shi, kafin ku ƙara wani. Ku sayi wasan ta halal, ku riƙa adana aikinku, kada kuma ya shiga lokacin salla da na karatu. Iyaye kuwa, kafin mu zare ido mu fizge waya, mu jawo kujera mu tambayi yaro abin da yake yi. Yanzu in aka shiga kwamfutar gidanmu, a can cikin duwatsun ƙanƙara, akwai wata tsohuwa a bakin rijiya tana yi wa baƙo maraba da Hausar Daura, da muryar mahaifiyata. Allah ya ja kwananta, ya shirya mana zuriya, amin.