Zafin Jidda da Rumfar Hawandawaki

Duk ɗan ƙasar Tasawa da ya sauka Jidda da niyyar zama, idan aka ja masa kunne kan zafi, amsarsa ɗaya ce: "Haba, ni da na yi sharar gona a watan Mayu?" Kuma yana da hujja. Wanda ya tashi a Hawandawaki ko Korgom ko Mayahi ya san bazarar da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ya san rairayin da ba ya takuwa babu takalmi da zarar hantsi ya dubi ludayi. Sai dai zafinmu busasshe ne: gumi ya fito, iska ta shanye, jiki ya huce. Jidda kuwa a gaɓar Bahar Maliya take, iskarta jiƙe take da damshi. Gumi ya tsatso ya tsaya, riga ta manne, sauƙi bai zo ba. Abin da ke sa randa ta sanyaya ruwa a tsakar gida, wato nason da iska ke busarwa a jikinta, shi ne jikin mutum ke rasawa a nan. A watan Yunin 2010 zafi ya kai digiri 52 a wannan birni.

Jiki dai yana sabawa a hankali. Abin da ya fi wuyar sabo shi ne inda zafi ke kora mutane.

A gida waje yake koro mu. Da rana ta take, ɗaki ba ya zaunuwa, balle mai rufin kwano. Maza su nufi rumfar ƙofar gida ko gindin bedi, mata su ja tabarma inuwar katanga, ana kitso ana tsintar wake. A gona ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya sake shi da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu maimakon sarewa. To a wannan inuwar ake saukar baƙo. Ya yi sallama, a matsa masa, a dama fura a miƙa masa ludayi. Kafin a kira la'asar an san garinsu, an san gidan da zai kwana, wani ma ya tuna mai neman ɗan ƙodago. Babu wanda ya kira taro domin haka. Da dare kuma kowa ya fito da shimfiɗarsa, hira ta ci gaba har barci ya raba.

A Jidda ciki yake kora mutane. A ja ƙofa, a sauke labule, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan ake kira mukayyif. Ba na raina ta ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa kwana yana yi wa tsohuwarsa fifita a tsakiyar bazara ya san wannan na'ura rahama ce. Hukumar Saudiyya ma ta haramta sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba na kowace shekara, dokar da nake fatan magina da leburorin Maradi da Yamai su sami irinta. Amma sanyin yana da kuɗinsa, kuma baƙo ne ke biya. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai wurin aiki. Mutum ya yi watanni a bene ɗaya da wani bai san sunansa ba. A masallaci ake haɗuwa, ana sallamewa kowa ya zari takalmi, domin ƙofar masallaci ba ta tsayuwa da azahar. Garin ba ya farkawa sai bayan magariba: kantuna su buɗe har tsakar dare, iyalai su fita bakin teku da darduma da shayi. Ɗan ƙauyenmu da ya saba kwanciya bayan isha ya tashi da asuba, sai ya riƙa ganin birni na miliyoyin mutane kamar babu kowa, alhali lokacin da yake barci ne ake zumuncin.

Su ma mutanen Jidda ba haka suka taso ba. Shiga Balad, tsohuwar unguwar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, ka ga dogayen gidajen dutsen murjani, da tagogin katako masu huda da ke shigo da iskar teku, da lungunan da aka matse domin gida ya yi wa gida inuwa. Hausawa kuma sun daɗe a nan. Kakanninmu sun zo a ƙafa ta Borno da Chadi da Sudan, suka tsallako ruwa daga Sawakin, kuma ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. A unguwanni irin su Karantina da Sabil da Hindawiyya, sabon zuwa yakan sami mai koko da mai tsire da dattijon da zai ce masa, "Yaro, ɗan gidan wa?" Daga ƙarshen 2021 aka rushe yawancin waɗannan unguwanni da sunan gyaran birni. Matsattsu ne, gaskiya, kuma ba su rasa matsaloli ba, amma su ne rumfarmu. Yanzu mutane sun warwatsu, abin da ya rage wa baƙo shi ne ɗakin da kafili, wato mai ɗaukar nauyinsa, ya ba shi, da iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihu, da waya. Zauren WhatsApp zai gaya maka farashin tikiti, amma ba zai ga idonka ya faɗa ba.

Rashin inuwa da mai taimako yana iya kaiwa ga rai. A hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin hajji, sun yi doguwar tafiya a rana babu tanti babu mota.

Saboda haka ina roƙonku, 'yan uwa da kuka riga mu zama a ƙasar nan: idan kun ji ɗan gida ya sauka, kada ku tsaya ga saƙon waya. Ku je ku ɗauko shi bayan isha a makonsa na farko, ku zaga da shi, ku haɗa shi da mutane. Ku gaya masa ya sha ruwa tun ƙishi bai kama shi ba, ya riƙe lema ba tare da jin kunya ba, kuma idan abokin aikinsa ya fara jiri yana magana ba kan gado, asibiti za a kai shi nan take. Ku kuma iyaye a Hawandawaki, kada ku sallami ɗa ko 'ya zuwa nan sai da cikakkun takardu, da sunan wanda zai tarbe shi, kuma kun ji muryar mutumin da kunnenku.